Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano: kafin a kwashe mutanen Kurmawa zuwa Janguza

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya dafa maka a kan nauyin da ka ɗauka. Ni tsohon malamin makaranta ne, na ajiye alli da jimawa, kuma ba kwangila ko kujera nake nema ba. Na rubuto ne da yawun mutanen da ake gani a ƙofar gidajen yari ranar ziyara, riƙe da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali: iyaye mata, matan aure da goyo, ƙanne da aka aiko saboda manya sun gaji da zuwa. Ba taro suka yi suka zaɓe ni ba. Zaman benci ɗaya ne ya haɗa mu, wata goma sha tara ina cikinsu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da ya fito a 2025, cewa gwamnatinka na shirin kwashe mutanen da ke gidan yarin Kurmawa zuwa sabon gidan da aka gina a Janguza, a mayar da tsohon ginin gidan tarihi. Ban ƙi wannan ba. Ginin da aka yi tun 1910, a tsakiyar birni, a bayan gidan sarki, ya isa hutu. Damuwarmu ita ce duk maganar a kan bango take. Ba mu ji an ce komai a kan waɗanda za a loda a mota ba: su waye, me ya kai su, kuma me ya hana su fita.

Na san amsar da ake bayarwa duk lokacin da aka tayar da wannan zance, wai gidan yari na gwamnatin tarayya ne. Haka ne, gandurobobi ma'aikatan tarayya ne, makulli yana hannunsu. Amma ba haka abin ya faro ba. A da, gidan yarin Kano na En'e ne, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, Yari ma'aikacin sarki ne, har sunan wurin ma daga sarautarsa ya samo asali. A 1968, shekara guda bayan an ƙirƙiri Jihar Kano, lokacin marigayi Audu Bako yana gwamna, aka haɗe gidajen yarin En'e da na tarayya, suka bar hannunmu. Daga nan duk wanda ya zauna a kujerar da kake kai, soja ko farar hula, daga Kanar Sani Bello zuwa Rimi, daga Kabiru Gaya zuwa Kwankwaso da Shekarau da Ganduje, yana da inda zai fake: tsarin mulki ya ce wannan ba huruminsa ba ne. A watan Maris na 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire gidajen yari daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke iko da su, ya ba jihohi damar kafa nasu. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka aka rantsar da kai. Cikin shekara 55, kai ne gwamna na farko da ya fara mulkinsa babu wannan mafaka.

Ko da ma ba a yi gyaran ba, ranka ya daɗe, makulli ne kaɗai na Abuja. Mutanen da ke ciki namu ne. Dokar jiha aka ce sun karya, kotun jiha ce ta aika su, ma'aikatar shari'a ta jiha ce za ta ce a gurfanar da su ko a sallame su, kuma gwamnan jiha ne kaɗai sashe na 212 na tsarin mulki ya ba ikon yi musu afuwa. Ganduroba ba ya ɗauko kowa daga gida. Wanda aka kawo masa da takarda shi yake karɓa, kuma ba ya sakin kowa sai da takarda.

Babban kukanmu shi ne na masu jiran shari'a, waɗanda ake cewa an kai su ajiya. A faɗin Nijeriya kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare ba a yanke musu hukunci ba. Ga yadda abin yake tafiya, don na gan shi da idona. Ɗan ƙanwata direban adaidaita sahu ne. Wata rana aka yi faɗan daba a unguwarsu, da daddare aka zo kame, aka kwashe duk saurayin da aka tarar a bakin layi, har da shi yana wanke mashin. Ba zan faɗi caji ofis ɗin ba, ko kotun, ko gidan da aka ajiye shi, don ba ƙarar kowa na kawo ba. Da aka kai su kotu sai muka ji an karanta haɗa baki da fashi da makami. Alƙali ya ce ba shi da hurumin sauraron irin wannan tuhuma, a kai su ajiya sai an samu shawarar lauyoyin gwamnati. Duka zaman bai kai minti goma ba.

Wannan minti goma shi ya zama wata goma sha tara. Yau a ce fayil bai bar wannan ofis ba, gobe a ce ya bar nan amma bai isa can ba. Ranar da aka sa za a koma kotu, sai a ce babu motar da za ta kawo su. Wata ranar mota ta zo, alƙali ya tafi taron bita. Wata ranar kuma mai gabatar da ƙara aka yi wa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san zancen ba. Ƙanwata kan tashi tun asuba ta tuƙa tuwo, ta hau mota biyu, ta bi layi, a ƙofa a sa ta ɗanɗana loma ɗaya a gaban ma'aikaci kafin a karɓi kwanon, sannan ta ga ɗanta ta bayan ƙarfe na ɗan lokacin da bai isa a gama gaisawa ba. A ƙarshe takarda ta fito, layi biyu kacal: babu hujjar da za a tuhume shi da ita. Ya fito da ƙazuwa har tsakanin yatsu da tarin da ya ƙi jin magani. Mai mashin ya ba wani tuntuni, yarinyar da aka sa musu rana an ɗaura mata aure da wani. Ba wanda ya ce masa ko sannu.

Na ba da wannan labari ne don a ga ramin da ke cikin doka. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka tsare, idan wata biyu ta wuce ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko babu. Amma sashen ya ware laifin da hukuncinsa kisa ne. Saboda haka da zarar an rubuta fashi da makami ko kisan kai a takardar ƙara, ko da babu ko wuƙar yankan albasa a matsayin shaida, an rufe wa mutum wannan ƙofa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe ramin: ta ce umarnin ajiya kada ya wuce kwana 14 a karon farko, sai an dawo gaban alƙali an ba da dalili kafin a ƙara, kuma ta sa wa lauyoyin gwamnati kwana 14 su ba da shawararsu. Kano ta yi tata dokar a 2019, zamanin Ganduje. Doka dai ga ta a rubuce. Abin da babu shi ne wanda zai zauna da kalanda yana ƙirga kwanakin, da wanda za a tuhuma idan sun wuce.

Kuka na biyu, beli da tara. Za ka ji alƙali ya ba da beli, dangi su yi hamdala, sai a karanto sharuɗɗa: a kawo ma'aikacin gwamnati mai babban matakin albashi, ko mai takardar mallakar gida a cikin birni. Ɗan ga-ruwan da ya zo ci-rani daga ƙauye, ina zai samo darakta ya tsaya masa? An ba shi beli a baki, an hana shi a aikace. Haka masu tara. A ƙarshen 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya ta tara naira miliyan 585 ta biya wa mutum 4,068 tara a faɗin ƙasa suka fita. In ka raba, kowanne bai kai naira dubu 150 ba. Ke nan dubban mutane na kwance a kurkuku a kan kuɗin da bai kai na ragon layya mai kyau ba, gwamnati kuma tana ciyar da su kullum. Ga kuma masu bashi. Rikicin ciniki tsakanin 'yan kasuwa biyu, wanda ya fi ƙarfi ya mayar da shi zamba cikin aminci, a kulle ɗayan har sai danginsa sun sayar da gona. Wanda ke kulle dai ba ya neman kuɗi, balle ya biya.

Sai cunkoso da abin da yake haifarwa. Kuɗin abincin fursuna ɗaya a rana naira 750 ne shekara da shekaru, kafin a ɗaga shi zuwa 1,125. Kowa ya san abin da wannan kuɗi zai saya a kasuwar Rimi yau, ga shi sau uku za a ci, ga ɗan kwangila zai fitar da ribarsa. Shi ya sa har gobe sunan abincin gabza, shi ya sa kuma wanda ba shi da mai kawo masa kwano yake fita kamar an zare masa laka. Inda aka cusa mutum uku a wurin mutum ɗaya, a watan Afrilu na Kano, ba sai likita ya gaya maka yadda tarin fuka da cutar fata za su yi yawo ba. Kuma cutar ba ta zama a can. Tana fita tare da wanda aka sallama, ta shiga ɗakin uwarsa, ta shiga sahun masallaci.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa ya tarar da kurkuku mai ɗaki biyu, kowanne faɗin ƙasansa ƙafa 17 ne da ƙafa 7, ana cusa mutum 135 a ciki kowane dare. Na san Bature yana da dalilinsa na ƙara gishiri, yana neman halatta mamayarsa ne. Amma idan za a yi gidan tarihi a Kurmawa, ina fata a rubuta wannan a bango, a kuma bar wuri a gefensa don a rubuta adadin da mu muka cusa a ɗaki ɗaya a zamaninmu, ba Bature, ba En'e.

Maganar yara ba sai na tsawaita ba, domin kai shaida ne. A watan Nuwamba na 2024 duniya ta ga yaran da aka kama bayan zanga-zangar watan Agusta, da yawansu 'yan Kano, suna zubewa a gaban kotu a Abuja saboda yunwa, bayan kusan wata uku a tsare. Da shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, kai aka damƙa wa namu. Waɗancan kyamara ta gan su. Akwai irinsu da ba wanda ya ɗauki hotonsu, waɗanda aka ƙara wa shekaru a takarda don a huta da neman inda za a kai su, aka haɗa su ɗaki ɗaya da manyan da suka ƙware. Gidajen horon matasa na tarayya a Kaduna da Ilori da Abekuta suke. Gidan ajiyar yara na Goron Dutse kuwa na jiha ne, babu wani zancen Abuja a kansa.

Akwai abin da nake so in tuna maka, ba don gori ba. Siyasar Kano a gidan yari ta yi wayo. 'Yan NEPU na Malam Aminu Kano sun sha ɗauri a hannun alƙalan En'e a shekarun 1950, wani a kan taro ba izini, wani a kan kalma ɗaya da aka ce ta taɓa sarauta. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga ta fita. Da Abubakar Rimi ya hau a 1979, cikin abubuwan farko da ya yi akwai soke haraji da jangali, waɗanda a kansu aka sha kulle talaka. Shi kansa Rimin, da Sabo Bakin Zuwo da ya yi wata uku kacal a kujera, duk sun kwana a kurkuku bayan juyin mulkin ƙarshen 1983. Gwamnonin Kano biyu ke nan suka ga wurin daga ciki. Duk ɗan siyasar jihar nan, kowace hula ya sa, yana cewa shi magajin Malam ne. To magadan mutanen da aka ɗaure ba bisa ƙa'ida ba su ne ya kamata su fi kowa jin zafin ɗaurin da babu shari'a.

Ba na mance alherin da ake yi. Al'ada ce gwamnonin Kano su leƙa gidan yari da salla, a biya wa wasu tara, a ba su kuɗin mota, a yanka shanu. Allah ya saka. Babbar Jojin jiha, Mai Shari'a Dije Aboki, ita ma doka ta ba ta ikon zagayawa ta sallami waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai afuwar gwamna ba ta cika isa ga mai jiran shari'a ba, don wanda aka yanke wa hukunci ake duba wa. Ka ga abin mamaki: wanda kotu ta tabbatar ya yi sata yana iya fita ranar salla, wanda ba a tabbatar da komai a kansa ba ya bi shi da kallo. Kuma in an saki ɗari ranar salla, kafin babbar salla an kawo ɗari biyu. Ana kwasar ruwa ne, ba a toshe inda yake shigowa ba.

Game da Janguza, ranka ya daɗe, kai injiniya ne, ka riƙe ma'aikatar ayyuka daga 2011 zuwa 2015, ka fi ni sanin cewa gini ba ya aiki shi kaɗai sai da hanya. An ce gidan zai ɗauki mutum 3,000. Madalla. Amma daga Kurmawa zuwa kotun Ƙofar Kudu tafiyar ƙafa ce, sakatariyar Audu Bako, inda babbar kotun jiha take, ma ba nisa. Janguza kuwa sai ka wuce sabuwar jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo. Idan yanzu ma ana ɗage shari'a saboda babu mota ko babu mai, yaya ke nan in an ƙara nisa? Tsohuwar da ke zuwa da ƙafa daga Yakasai ko Mandawari, nawa za ta riƙa kashewa? Kuma gida mai faɗi, in ba a gyara hanyar shiga da fita ba, cika zai yi kamar na da, sai dai a samu ƙarin wurin mance mutane.

Ga abin da muke roƙo.

Kafin a ɗaga ko mutum ɗaya daga Kurmawa, a ƙirga kowa da sunansa: ranar da aka kawo shi, kotun da ta aiko shi, tuhumar da ake masa, ranar da ya ga alƙali na ƙarshe, da inda fayil ɗinsa yake. A yi haka a Goron Dutse da Wudil da ƙananan gidajen da ke ƙananan hukumomi. Ka umarci Antoni Janar ya zauna da lauyoyinsa a kan wannan jeri, sashe na 211 ya ba shi ikon janye duk ƙarar da ba ta da tushe. Wanda ya riga ya zauna fiye da abin da za a ɗaure shi in da an same shi da laifin, a miƙa sunansa ga Babbar Joji. Kada a kai Janguza sai wanda akwai dalilin kai shi.

A ƙara lauyoyi a ma'aikatar shari'a, a sa wa shawararsu wa'adi na gaske, kuma duk wata uku a buga wa jama'a adadin fayilolin da suka shigo, da waɗanda suka fita, da waɗanda suka wuce wa'adi. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa, ma'aikatarka ce, kwamishinanka ne.

Jiha ta sayi motocin kai fursunoni kotu ta ɗauki nauyin mansu, a kuma gina ɗakunan shari'a a harabar Janguza yadda alƙali zai riƙa zuwa wurinsu. Na san ɓangaren shari'a cin gashin kansa yake, ba na cewa ka ba alƙali umarni. Amma kasafin kuɗi daga teburinka yake tashi, kuma ba laifi ba ne gwamna ya zauna da Babbar Joji da Alƙalin Alƙalai a duba sharuɗɗan beli, a yarda mai unguwa ko limami ko shugaban ƙungiyar sana'a ya tsaya wa wanda ya sani.

Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019, wadda ta canza wa gidan yari suna, ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya ga al'umma da ɗaurin talala. Wanda ya saci kaza ko ya yi faɗa a tasha, a ba shi tsintsiya da shebur ya yashe magudanar ruwan unguwarsu wata uku, yana kwana a gidansu. Kano na da kwatocin da suka fi ƙarfin ma'aikatan shara. Dokar nan kuma, a sashe na 12, ta wajabta wa shugaban gidajen gyaran hali na jiha ya sanar da Babbar Joji da Antoni Janar da kwamitin afuwa idan gida ya cika ya wuce ƙima, har ta ba shi ikon ƙin karɓar sababbi in ba a yi komai ba. Muna roƙo ka tambaya ko irin wannan takarda ta taɓa zuwa, da abin da aka yi da ita. Sashen ya kuma ba Babbar Joji damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai ga wanda ya gama ɗaukaka ƙara ya shekara goma yana jira. Su ma a duba su.

A hana kai yaro gidan manya ko da kwana ɗaya ne, in an yi shakkar shekarunsa a kira likita. A gyara gidan yara na Goron Dutse, a sa malamai da masu koyar da sana'a. A tura likitocin jiha su riƙa gwajin tarin fuka ga duk mai shiga da mai fita.

Na ƙarshe, ka aika wa majalisar dokoki ƙudurin kafa hukumar gyaran hali ta Jihar Kano, tunda tsarin mulki ya buɗe ƙofa. Ba lallai a fara da katafaren gini ba. A fara da masu ƙananan laifuka, da gona, da wurin koyon ɗinki da walda da gyaran waya. A cikin ƙudurin a sa diyya, ko yaya take, ga wanda aka tsare fiye da wa'adi sannan aka ce babu hujja a kansa, don ofishin da ya ɓatar da fayil ya san akwai abin da za a cire daga kasafinsa.

Idan ka samu sarari, ranka ya daɗe, ka je wata ranar Talata da ba salla ba, ba tare da 'yan jarida ba, ba a sanar ba. Ka ce a buɗe maka ɗakin masu jiran shari'a, ka tambayi mutum goma na farko yaushe rabon su da ganin alƙali. In ka fito ka tsaya a benci na waje, za ka tarar da mu a can.

Allah ya yi maka jagora, ya ba Kano lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta daga cikin birnin Kano, a madadin iyalan masu jiran shari'a.